Yadda ake shiga shirin maganin tabar wiwi na jihar Fensilbaniya, da abin da baƙo zai auna kafin ya yi rajista

Ɗan yayata yana da shekara 26, a Filadelfiya aka haife shi, kuma tun yana goye yake fama da sikila. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin gadon mai amosanin jini a daren da ciwon ya motsa ya san irin tashin hankalin da nake nufi: ƙasusuwa suna sara, gumi yana karyo wa mutum cikin tsananin sanyi, mahaifiya tana tofa addu'a tana duban agogo don ta ga ko lokacin wata ƙwayar ya yi. Likitarsa ta jini ce da kanta ta ɗago maganar shirin jiha na maganin tabar wiwi, bayan ta lura cewa ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi da yake sha sun fara yi masa yawa. Ni na zauna da shi muka bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan na gane cewa samun katin shirin ba shi ne abu mai wuya ba. Mai wuyar shi ne sanin inda kariyar katin ta tsaya, musamman ga mu da muka zo daga wata ƙasa, muke rayuwa da takardun da hukumar tarayya ke iya sake dubawa a kowane lokaci.

Na zaɓi Fensilbaniya domin ita na sani, kuma domin a nan ba a buɗe kasuwar wiwi ga kowa da kowa ba kamar yadda maƙwabtanmu Niyu Yok, Niyu Jazi, Maryland da Ohio suka yi, saboda haka katin shi ne kaɗai halattacciyar ƙofa. Sauran jihohi suna da nasu kuɗin da nasu jerin cututtuka, amma tsarin tafiyar yana kama da juna.

Ganye ɗaya, dokoki biyu

Kalifoniya ce ta fara halatta wiwi don magani a 1996, yau kuma jihohi kusan 40 suna da irin wannan shiri. A Fensilbaniya Gwamna Tom Wolf ya sa hannu a kan dokar a watan Afrilun 2016, aka buɗe kantunan farko a Fabrairun 2018, kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha ce ke kula da rajistar marasa lafiya, da likitoci, da masu noma, da masu sayarwa. Sai dai gwamnatin tarayya tana da tata dokar ta 1970, wadda ta sanya wiwi a jerin farko na miyagun ƙwayoyi, wato jerin da ya fi kowanne tsanani. A 2024 aka gabatar da shawarar sauko da ita zuwa jeri na uku, amma mai karatu ya lura da kyau: sauya mata jeri daban, cire ta daga dokar gaba ɗaya daban. Shige da fice, filayen jirgin sama, mallakar bindiga, gidajen da tarayya ke tallafawa da lasin manyan motoci duk a hannun tarayya suke, kuma katin da Harrisburg, babban birnin jihar, ta buga ba ya ɗaure wa ɗayansu hannu.

Mataki na farko: wanda bai zama ɗan ƙasa ba ya ga lauya tukuna

Na sa wannan a gaba domin shi ne matakin da babu wani shafin rajista da zai tuna maka da shi. A ranar 19 ga Afrilun 2019 hukumar USCIS, mai kula da takardun zama da na zama ɗan ƙasa, ta fitar da sanarwa cewa mallakar wiwi ko aiki a sana'arta na iya hana a ɗauki mutum a matsayin mai kyawun hali, ko da jihar da yake zaune ta halatta. Kyawun hali kuwa sharaɗi ne ga duk mai neman zama ɗan Amurka, kuma ana duba shekara 5 da suka gabata, ko shekara 3 ga wanda ya bi ta hanyar aure. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne dokar shige da fice ba ta jiran hukuncin kotu. Mutum ya amsa da bakinsa a gaban jami'i cewa ya mallaki wiwi, wannan kaɗai na iya sa a hana shi katin zama na dindindin, ko a tsare shi da tambayoyi a filin jirgi ranar da ya dawo daga ganin gida. Likitan da ke gwajin lafiyar masu neman katin zama ma yana tambayar tarihin shan ƙwayoyi, kuma abin da ya rubuta yana shiga fayil.

Kada wani ya ɗauka cewa mafita ita ce ya yi amfani da maganin ya kuma musanta idan an tambaye shi. Ƙarya a gaban jami'in shige da fice laifi ne mai zaman kansa, wanda yakan fi na farkon muni, kuma yakan bi mutum har bayan ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Hanyar da ta dace ita ce, mai katin zama, ɗalibi, mai bizar aiki ko mai jiran hukuncin neman mafaka ya zauna da lauyan shige da fice kafin ya rubuta sunansa a ko'ina, ya kai masa bayanin ciwonsa da matsayin takardunsa. Sau da yawa shawarar da za a ba shi ita ce ya haƙura har ya zama ɗan ƙasa, ya nemi likita ya rubuta masa maganin da tarayya ta amince da shi. Akwai irinsu: dronabinol, wanda aka amince da shi tun 1985 don amai da tashin zuciyar masu karɓar maganin ciwon daji, da Epidiolex, wanda aka amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Waɗannan ana karɓarsu a kemis na yau da kullum da takardar likita kamar kowane magani.

A gidanmu wannan mataki ya taɓa yayata kai tsaye. Ɗanta ɗan ƙasa ne ta haihuwa, amma ita katin zama take riƙe da shi, kuma ita ce ta so ta yi rajistar mai kula da shi don ta riƙa karɓo masa maganin a ranakun da ba ya iya tashi. Lauyan ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce mata: “Hajiya, abin da za ki riƙa ɗaukowa a jakarki shi ne abin da za a tambaye ki a kansa ranar ganawa.” Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ninke takardar da ta zo da ita, ta ce to ƙanwarsa ta yi. Haka kuwa aka yi.

Mataki na biyu: tabbatar da cewa ka cancanta

Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, mutum ya zama mazaunin jihar, kuma shaidar da ake karɓa ita ce lasin tuƙi ko katin shaida da hukumar sufuri ta jiha, PennDOT, ta bayar, ɗauke da adireshin da yake zaune a yanzu. Fasfo, takardar haya ko katin wata jiha ba sa maye gurbinsa. Na biyu, ya kasance yana da ɗaya daga cikin cututtukan da doka ta lissafa. An fara da 17, yanzu sun kai 24. Daga cikinsu akwai ciwon daji har da lokacin da ya lafa, cutar ƙanjamau, farfaɗiya da jijjigar da ta ƙi jin magani, cutar Parkinson, cutar Crohn da sauran kumburin hanji, hawan jinin ido, ciwon hanta nau'in C da ya daɗe, galahanga, lalacewar jijiyoyi, firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, matsananciyar fargaba wadda aka ƙara a 2019, kamuwa da jarabar ƙwayoyin kashe zafi dangin ofiyom, ciwon ajali, da ciwo mai tsanani da ya daɗe ya ƙi jin magani. Sikila tana cikin jerin tun ranar farko, abin da ba kowace jiha ta yi ba, kuma wannan ya shafe mu fiye da kowa, tunda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu wannan ciwo.

Kasancewar ciwo a jerin ba ya nufin an tabbatar wiwi tana warkar da shi. Babban nazarin da cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar a 2017 ya sami hujja mai ƙarfi a wurare uku: daɗaɗɗen ciwo a jikin manya, amai da tashin zuciya bayan maganin ciwon daji, da sanƙarewar gaɓoɓi a cutar da ke cinye rigar jijiyoyi. A kan sikila hujjar ba ta da ƙarfi haka. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a San Francisco, aka wallafa a 2020, da mutum 23 suka kammala, bai nuna bambanci a fili wajen rage zafi ba. Shi ya sa nake cewa mai sikila kada ya kuskura ya ajiye maganin sikila na hydroxyurea, ko ya daina zuwa asibitin jini, ko ya zauna a gida da zazzaɓi da ciwon ƙirji yana jiran wiwi ta yi aiki. Wannan ƙari ne a kan magani, kuma ga wasu ma ba ya ƙara komai.

Mataki na uku: magana da likitanka na asali, da tattara takardu

Kafin ka nemi likitan shirin, ka fara da wanda ya san jikinka. Akwai mutanen da wiwi ke yi wa illa fiye da amfani: mai ciki da mai shayarwa, wanda shi ko wani na kusa a danginsa ya taɓa samun taɓin hankali, mai ciwon zuciya, da matashin da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙosawa ba. Tana kuma karo da wasu magunguna, kamar warfarin mai tsinka jini, da wasu magungunan farfaɗiya da na barci. Mu Hausawa muna da nauyin baki a kan wannan ganye, domin a gida mun san shi a hannun 'yan daba da zauna-gari-banza, kuma mun ga samarin da ya lalata. Wannan nauyin bakin ne ke sa wasu su ɓoye wa likitansu, alhali ɓoyewar ita ce ke jefa su cikin haɗari. Ta fuskar addini kuma, abin maye haramun ne, malamai kuwa suna da bayani a kan larura da sharuɗɗanta, kamar a ce amintaccen likita ne ya ba da shawara kuma babu wani halattaccen magani da zai wadatar. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kai wa malamin da ya yarda da iliminsa cikakken bayanin ciwon da abin da likita ya ce, ya ji fatawa a kan halinsa shi kansa.

Daga nan sai tattara takardu: bayanin da ke nuna sunan ciwon da ranar da aka gano shi, sakamakon gwaje-gwaje, takardun sallama daga asibiti, da jerin duk magungunan da kake sha tare da adadinsu. Mafi yawan asibitoci suna da shafin da mara lafiya ke shiga ya sauko da waɗannan da kansa. Mu mun buga su, muka jera su a kan teburin cin abinci bisa kwanan wata, kuma ganin takardun kwanciya asibiti na shekara biyu a tare ya sa ɗan yayata ya iya faɗa wa likita labarin ciwonsa a tsare, ba tare da kame-kame ba.

Mataki na huɗu: rajista a shafin jiha

Ana yin rajistar ne a shafin Ma'aikatar Lafiya ta jiha, a sashen marasa lafiya da masu kula da su, kuma buɗe asusun kyauta ne. A tabbata adireshin shafin na gwamnati ne, domin kamfanoni da yawa suna da shafukan da suka yi kama da shi, suna karɓar kuɗi a kan abin da mutum zai iya yi da kansa cikin minti 15. Za a nemi suna, ranar haihuwa, lambar lasin, adireshi da imel. Imel ɗin ya zama wanda kake buɗewa kullum, domin ta nan duk wata sanarwa za ta riƙa zuwa.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Na'urar tana gwada abin da ka rubuta da abin da ke rumbun PennDOT harafi da harafi, saboda haka idan lasin ya taƙaita sunan titi, kai ma ka taƙaita shi haka, idan kuma an rubuta Muhammad a lasin kada ka rubuta Mohammed. Masu sunaye uku ko huɗu su duba wanne aka sa a gurbin sunan dangi. Mu sau uku shafin yana mayar da mu baya, sai daga baya muka gano cewa ɗan yayata ya tashi daga tsohon gidansu bai sauya adireshi ba, alhali doka ta ba da kwana 15 a yi hakan. Muka gyara a can, muka dawo, nan take ya wuce. Gyaran yana da muhimmanci ta wata fuskar ma, domin adireshin da ke rajista can za a aika katin. Idan an gama, za a ba ka lambar mara lafiya, wadda likita zai nema.

Mataki na biyar: likitan da jiha ta amince da shi

Ba kowane likita ke iya sa hannu ba. Sai wanda ya yi kwas na awa 4 da ma'aikatar ta tanada, ya kuma shiga rajistarta, kuma ma'aikatar tana wallafa sunayensu gunduma-gunduma. Ka fara tambayar likitanka ko yana ciki, domin wanda ya san tarihinka ya fi baƙo. Idan ba ya ciki, ka zaɓa daga jerin, kuma tun dokar gyara ta 2021 ana iya ganawar ta bidiyo daga gida. Inshora ba ta biyan wannan ganawa, kuɗinta kuma galibi tsakanin dala 100 ne zuwa 200, saboda haka a tambaya tun kafin a sa rana, a kuma tambayi nawa ne na sabuntawa.

Abin da likitan ke bayarwa shaida ce cewa kana da ciwon kuma maganin na iya amfanarka, ba takardar sayen magani irin ta kemis ba. Zai duba takardunka, ya leƙa rumbun jiha da ke nuna ƙwayoyi masu ƙarfi da aka taɓa rubuta maka, sannan ya shigar da shaidar kai tsaye cikin na'ura. Yana da ikon ba da ita ta wata 12 ko ƙasa da haka, yana kuma iya taƙaita nau'in da za a sayar maka. Ra'ayina shi ne, likitan da ya sallame ka cikin minti biyar bai tambayi magungunan da kake sha ba, ya karɓi kuɗinka ne kawai bai duba ka ba. Ka tafi da tambayoyinka a rubuce: wane nau'i ya dace da ciwona, da wane adadi zan fara, wace alama ce za ta sa in dakata, kuma me zan yi da ƙwayoyin da nake sha yanzu.

Mataki na shida: biyan kuɗi da karɓar kati

Da zarar shaidar ta shiga, saƙo zai zo ta imel, sai ka koma asusunka ka biya dala 50 ta shekara. Wanda ke cikin shirin tallafin gwamnati na Medicaid, SNAP, WIC, CHIP, PACE ko PACENET ana ɗauke masa wannan kuɗi, muddin ya nuna hakan a asusunsa. Ana buga katin da hoton da ke lasin, ya iso ta gidan waya cikin mako biyu zuwa uku. Kafin ya iso hannunka ba ka da izinin saye, kuma imel ɗin da ke cewa an amince ba ya shigar da kowa kanti.

Mai kula da mara lafiya

Yaron da bai kai shekara 18 ba dole ya kasance da mai kula, babba kuma da ba ya iya fita yana iya naɗa har mutum biyu. Mai kula yana yin tasa rajistar daban, ya kasance ya kai shekara 21 kuma mazaunin jihar, a ɗauki zanen yatsunsa a binciki tarihinsa, kuma wanda aka taɓa samu da laifin miyagun ƙwayoyi cikin shekara 5 da suka wuce ba a amincewa da shi. Binciken yana cin makonni, don haka a fara shi da wuri. Aikinsa ya karɓo, ya kawo, ya taimaka wajen bayarwa. Ba shi da izinin taɓa ko ɗigo don kansa.

Zuwan farko kanti

Ka tafi da katin shirin da lasin, domin duka biyun ake dubawa a ƙofa. Ka tafi da tsabar kuɗi ko katin cire kuɗi daga asusu, tunda katin bashi ba ya aiki a mafi yawan wurare, inshora kuma ba ta biya, sai dai jiha ba ta ɗora wa mara lafiya harajin saye. Kowane kanti yana da ƙwararren masanin magunguna ko wani jami'in lafiya da za a iya ganawa da shi kyauta, kuma ina ba kowa shawara ya nemi wannan ganawa, kada ya wadatu da abin da mai tsayawa a kanta ya ce masa yana tafiya a kasuwa.

Nau'o'in da doka ta yarda da su su ne ƙwaya, mai, ruwan da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, man shafawa, da abin da ake shaƙa ta na'urar tururi. Tun 2018 ana sayar da busasshen ganye, amma don na'urar tururi kawai, domin naɗa shi a kunna masa wuta ya saɓa wa doka ko ga mai kati. Shuka a gida ma haramun ce. Ana iya sayen abin da zai kai kwana 90, amma sabon shiga ba shi da dalilin yin haka kafin ya san abin da jikinsa ke karɓa.

A jikin kowane kwali an rubuta adadin sinadarai biyu. THC shi ne mai sa maye, kuma shi ne ke kawo bugun zuciya, jiri da fargaba idan ya yi yawa. CBD ba ya sa maye. Mai farawa ya nemi wanda THC ɗinsa ke da ƙaranci, ya fara da mafi ƙanƙantar adadi, da daddare, a gida, akwai wani a kusa. Abin da aka shaƙa yana fara aiki cikin mintuna ya sake shi bayan awa 2 zuwa 4. Abin da aka haɗiya kuwa yana iya ɗaukar rabin awa har zuwa awa 2 kafin a ji shi, ya kuma daɗe awa 6 ko fiye, kuma mafi yawan waɗanda suka sha wahala a daren farko sun ƙara ne saboda sun zaci na farkon bai yi aiki ba. Ɗan yayata ya riƙe ƙaramin littafi yana rubuta abin da ya sha, da lokacin, da yadda zafin yake kafin da bayan, da yadda ya yi barci. Da wannan littafin likitarsa ta iya rage masa wata ƙwaya a hankali, ta kuma ce ya bar wani nau'i da ke sa shi kwana da ido biyu.

A ajiye maganin cikin kwalinsa na asali mai ɗauke da sunanka, a kulle shi inda yara ba sa kaiwa. Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi da jikoki. Ba wa wani kuma, ko da shi ma mai kati ne, laifi ne da ke iya jawo ƙwace katin da gurfana a kotu.

Inda katin ba ya kare ka

Tuƙi shi ne babba. Dokar tuƙi ta Fensilbaniya tana hukunta wanda aka samu da sinadarin wiwi a jininsa ko da ba ya cikin maye, sinadarin kuwa yana iya zama a jiki kwanaki bayan tasirinsa ya gushe, kuma kotunan jihar ba su ɗauki katin a matsayin kariya ba. An sha kawo ƙudurin gyara wannan a majalisa. Mai tuƙin tasi, Uber ko kai kaya, wanda abincin gidansa ke rataye da lasin, ya auna wannan da idon basira kafin ya shiga. Direban babbar mota mai lasin kasuwanci kuwa nasa a bayyane yake: gwajin fitsarin da ma'aikatar sufuri ta tarayya ta wajabta ba ya karɓar uzurin kati, kuma faɗuwa gwajin na nufin sauka daga mota.

A wurin aiki, dokar jiha ta hana a kori mutum ko a ƙi ɗaukarsa don kawai yana da kati, amma ba ta tilasta wa mai aiki ya yarda a yi amfani da maganin a harabarsa ba, ta kuma ware ayyuka masu haɗari, kamar hawa sama, shiga rami da taɓa wutar lantarki mai ƙarfi. 'Yan'uwanmu mata da yawa suna aikin jinya a gidaje da gidajen tsofaffi, inda ake gwajin ƙwaya kafin ɗauka, su ma su karanta ƙa'idar wurin aikinsu tukuna. Mai zama a gidan da tarayya ke biya wa haya na iya rasa gidan. Dokar tarayya kuma ta hana mai amfani da wiwi sayen bindiga, kuma takardar da ake cikewa a shagon bindiga tana yin tambayar ƙarara.

Sai tafiya. Katin a cikin iyakar jiha yake aiki. Ƙetara gadar kogin Delaware zuwa Niyu Jazi da magani a mota ya zama fita da shi daga jiha, abin da tarayya ta hana, kuma abin da aka sayo a can ba ya cikin kariyar katin nan. Wanda zai je gida kuwa ya zazzage jakarsa, ya duba aljihunan rigunansa kafin ya ɗaure kaya, domin wiwi haramun ce a Najeriya da Nijar, kuma jami'an NDLEA a filin jirgin Malam Aminu Kano ko na Abuja ba su san wani kati na Fensilbaniya ba, ko da ɗan kwalban mai ne. Mai niyyar Hajji ko Umara ya ninka wannan taka-tsantsan, tunda hukuncin Saudiyya a kan miyagun ƙwayoyi yana cikin mafi tsanani a duniya. Wanda ya saba sha kullum ya gaya wa likitansa wata ɗaya ko biyu kafin tafiya, a tsara masa yadda zai rage da abin da zai riƙe a madadi, domin yankewa farat ɗaya na kawo rashin barci, ƙunci da rashin cin abinci na kwanaki.

Sabuntawa

Abubuwa biyu ne ke ƙarewa, kuma ba lallai su ƙare rana ɗaya ba: shaidar likita da kuɗin shekara. Ma'aikatar tana aiko da imel kwana 60 kafin shaidar da katin su ƙare, da wani kwana 30 kafin lokacin biyan kuɗi. Ba dole ne ka koma wurin likitan farko ba, kowane likita da ke jerin yana iya sabuntawa. Kafin ganawar ka shiga asusunka ka tabbata adireshin daidai yake, domin sabon kati za a bugo a aiko. Idan aka yi sakaci ranar ta wuce, kanti ba zai sayar ba, kuma abin da ya rage a gida ya fita daga inuwar doka har sai sabon katin ya fara aiki. Mu mun rubuta ranakun biyu a kalandar da ke manne a jikin firij, muka ja wa kowace layi wata biyu kafin lokacinta, kuma ɗan yayata zai tafi ganawar da ɗan littafinsa, domin shi da likitarsa su duba su ga ko maganin ya cancanci a ƙara masa wata shekara.